Gwangwanin Tsakar Gida

Ɗakin kwanan ɗalibai,
farkon damina.

Zuwa ga matata, Sarauniyar Keke,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya Inna da gwiwoyinta? Yaya 'Yar Baba, haƙorin nan ya gama fitowa ko har yanzu tana hana ku sakat? Yaya shago, da masu kawo ɗinki yau su ce tun jiya suke so?

Na iso lafiya, sai dai da ciwon kai. Kuskurena ɗaya a mota, wani dattijo ya tambaye ni abin da nake karantawa, na ce ilimin yanayi. Shi ke nan na jawo wa kaina. Wannan ya ce in duba masa ko za a yi ruwa ranar da zai zuba dakalin shagonsa, waccan ta ce ta baro shanya a waje. Da na ce ba haka ake yi ba, sai dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce to me ake koya mana. Shekara huɗu ke nan ina shan wannan tambaya. Ba wanda ya san rabin karatun nan lissafi ne, lissafin da ke sa ƙato ya riƙe kai da hannu biyu. Kowa gani yake muna kwance ne a ciyawa muna kallon sama. Ke ma ai ba ki da bakin magana, ke kika laƙa mini Malam Gajimare har unguwa ta ɗauka.

Jiya na ga Dokta, mai duba binciken da zan kammala da shi. Kin san shi a bakina: mutumin da in ka gaishe shi sai ya duba agogo kafin ya amsa. Ya amince da tsarin aikin. Zan kwatanta ruwan da ke sauka a filin na'urorinmu na jami'a da wanda ke sauka a unguwarmu, gindin tudu, na tsawon damina ɗaya ba tsallake. Sannan ya gaya mini babban labarin da ya sa nake rubuto miki. Ofishin hasashen yanayi na filin jirgin sama zai ɗauki sababbin ma'aikata daga cikin masu gamawa bana, kuma shi ake tambaya sunaye. Ya ce in aikina ya yi kyau, sunana na ciki. Amma suna da iyakar shekaru, ni kuwa ina bakin iyakar nan. Waɗanda nake aji ɗaya da su, wasunsu ni na koyar da sa'anninsu a firamare. In bana ta wuce ni, baɗi ba su san da ni ba, sai in koma wa allo da alli.

To kin ga gwangwanin nan da na kafa a tsakar gida ba abin wasa ba ne. Bari in maimaita, ko da za ki ce na cika naci. Kowace safiya a lokaci guda, kafin ki fita shago, ki cire mazurarin, ki ɗauko kwalbar ciki, ki juye ruwan a kwalbar awo mai zane-zane. Ki ajiye ta a kan abu mai lebur, ki durƙusa har idonki ya yi daidai da saman ruwan. Abin da kika gani shi za ki turo mini ta waya. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki yi mini tunani. In ba komai ciki, ki turo sifili. Kar a kusanto da shi bango ko bishiya, kar a yi shanya a kansa, kuma ki sa ido kan 'Yar Baba, na ga yadda take kallonsa kamar an kawo mata sabon bokitin wasa.

Inna ta ba ni dariya ranar da nake kafa shi. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mai tarar ruwa a tsakiyar fili ba, alhali ga indararo can yana zuba a banza. Ina sauri kar mota ta tashi, na ce mata aikin makaranta ne, da ruwan da ya taru ciki za a ba ni sakamako. Ta ce Allah ya cika shi. Ki gaishe ta da kyau, ki ce ta riƙa shafa maganin nan ko ba ta jin ciwo.

Ki shafa mini kan 'Yar Baba. Ke kuma kin san sauran, ba sai na ba direba ya ɗauko ba.

Mijinki,
Malam Gajimare.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai,
tsakiyar damina.

Zuwa ga abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya aiki, yaya ɗawainiya da mu? Na ji kin ce Inna na fama da mura da tari. Me ke kai Inna cikin ruwa ne? Ga ki ga yaran maƙwabta, in don tarar ruwa ne a duro ai ba sai ta fita da kanta ba. Ki kai ta wurin likita in tarin ya ƙi sauka, kada ki saurari ta-mazan da take yi.

Ni dai nan ana ta fama. Ɗakin kwamfutocinmu sai ka ce an yi masa baki. In akwai wuta babu intanet, in akwai intanet mai makulli ya tafi kai 'yarsa asibiti. Satin nan na zauna tun safe ina sauko da bayanan tauraron ɗan'adam, saura ƙiris ya gama aka ɗauke wuta. Na fito na tsaya a baranda ina kallon kofunan nan masu auna iska suna ta juyawa abinsu, na ce ku kam kun huta. Filin na'urorin ma ciyawa ta kusa shanye farin akwatin da muke ajiye ma'aunin zafi, ga shi dama kamar akurkin kaji. Ni da abokin ɗakina Dogo muka ari lauje muka share, ba wanda ya ce mana sannu.

Amma fa akwai abin da ya hana ni zama wuri ɗaya, kuma daga hannunki ya fito. Lambobin da kike turowa na jera su gefe da gefe da na jami'a. Ruwan dare da na asuba, gidanmu da nan kusan kai ɗaya suke. Amma ruwan yamma, gidanmu ya ninka nan, wani lokaci har fiye. Ke kika ankarar da ni ma, da kika fara rubuta "na yamma ne, ba na gida" a ƙarshen wasu saƙonnin. Allah ya yi miki albarka da wannan ƙarin, ko da yake na ce kar ki yi mini tunani.

Kin san abin da nake zato? Tudun nan na bayan unguwa. Da rana yana ɗaukar zafi, iska mai laima ta hau shi, ta yi sanyi, ta sauke kayanta a kanmu. A littafi akwai irin wannan, amma ana faɗinsa ne a kan manyan duwatsu, ba a kan tudun da awaki ke hawa su sauko kafin a kira su ba. In ya tabbata, to na gano abin da ba wanda ya rubuta. Dogo na ta tsokanata, wai nan gaba za a sa wa tudun sunana. Ya ce lambobin sun yi kyau da yawa, shi abu in ya cika kyau tsoronsa yake ji. Na ce masa baƙin ciki ne, shi da bincikensa ya tsaya cik tun da ma'aunin iskarsa ya ci tsatsa.

Kin sake cewa in kira Inna in yi mata bayanin gwangwanin da kaina. Wannan ne karo na biyu da kika faɗa. Haba, Sarauniya, wane bayani? In ce mata milimita? Malamaina ma da kyar suke gane ni. Inna ba ruwanta da wannan, ita dai ta ci gaba da yi mini addu'a, shi ne nata aikin. Ki bar ni in ji da abin da ke gabana, sati mai zuwa zan tsaya gaban malaman sashe da ɗalibai in nuna abin da na samu zuwa yanzu. Na wanke rigar nan mai ruwan toka da kika ɗinka mini, na goge, na rataye.

Ki gaida Inna da jiki. Ki ce wa 'Yar Baba babanta ya kusa zama babban mutum.

Naki har kullum,
Malam Gajimare.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai.

Zuwa ga matata,

Ina fata kuna lafiya. Yaya tarin Inna? Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ne a ɓace, kuma gara in rubuta da in kira, don in na kira ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Na tsaya gabansu. Na kunna majigi, na nuna zanen da na ɓata sati ina yi, na yi bayanin tudu da iska mai laima, har da nuni da hannu. Da na gama ɗakin ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka burge su na yi. Sai Dokta ya miƙe a hankali, ya karɓi linzamin kwamfuta daga hannuna. Ya buɗo abin da tauraron ɗan'adam ya gani a kan unguwarmu a ranakun nan. Ya buɗo na tashar gwajin noma da ke ɗaya gefen tudun. Ya zaɓi wata Talata da kika turo mini milimita sittin da wani abu. A tashar noma ranar, huɗu aka samu. Yayyafi ke nan, wanda ko kaza ba za ta nemi mafaka ba. Ya ce in ruwan da na rubuta ya sauka da gaske a wata guda, da yanzu da kwalekwale ake shiga gidanmu.

Aka yi dariya. Yaran da na girme wa da shekara goma suka yi mini dariya, wata har da dafa kafaɗar ƙawarta. Na tsaya cikin rigata mai ruwan toka, gumi na bin bayana, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ma a nan ya tsaya, da sauƙi. Ya kira ni ofis, bai ce in zauna ba. Ya ce a wannan sana'a ana yafe wa mutum hasashen da bai faɗa daidai ba, don sama ba ta shawara da kowa, amma ba a yafe wa wanda ya ƙirƙiri lamba. Ya ce matuƙin jirgi da rayukan mutane a bayansa zai dogara da abin da ma'aikacin yanayi ya rubuta. Ya ce lambobina sun yi kama da na wanda ya zauna a kan gado ya tsara su don su dace da labarin tudunsa. Ya miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa. In suka yarda da shi, korata za a yi, ba ma batun aikin filin jirgi ake ba. Ni da ban taɓa leƙa takardar wani ba tun ina ɗan firamare, yau ni ake kira maƙaryaci.

Na koma na duba komai. Na gwada kwalbar awo irin taki a nan, lafiyarta ƙalau. Na duba lissafina ya fi a ƙirga. Ruwa ba ya tsami banza, kuma hannu biyu kaɗai aikin nan ya bi, nawa da naki. To ki gaya mini gaskiya. Kina durƙusawa kuwa, ko daga tsaye kike leƙawa kina sauri masu ɗinki na jira? Kina zubar da na jiya kafin ki mayar da kwalbar? Ko akwai ranakun da kika manta, kika ƙiyasta da ka don kar in yi faɗa? Ido ba mudu ba ne, na sha gaya miki. Ke da kike auna ƙugun mutum ba ki kuskure ko da faɗin yatsa, a ce ruwa a kwalba ya gagare ki? Abu ɗaya tak na roƙe ki a shekara huɗun nan. Na bar aikina, na bar 'yata tana koyon tafiya ba na nan, ina kwana a ɗaki ɗaya da yara masu kunna waƙa kamar gidan biki, duk don mu fita daga inda muke. Ashe a tsakar gidana za a kayar da ni.

Ki ci gaba da aunawa, ko da yake ban san amfaninsa ba yanzu. Kada ki gaya wa Inna komai, ba na so hankalinta ya tashi.

Mijinki.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai,
damina ta fara ja da baya.

Zuwa ga matata, wadda ban san da wace fuska zan gaishe ta ba,

Duk da haka ina gaishe ki. Yaya gida, yaya 'Yar Baba? Tun da direba ya kai miki waccan takardar, saƙonki na zuwa kowace safiya a kan lokaci, lamba tsirara, ba sallama ba "ka tashi lafiya". Na yi ta jira ki kare kanki, ba ki ce uffan ba. Na ɗauka shirun mai laifi ne.

Yau da hantsi ina zaune a kan dakalin sashe ina tsara abin da zan faɗa wa kwamiti, sai ga kiran Inna ta wayar maƙwabciya. Ta ce ta ga kwana biyu fuskarki ba daɗi, ni ma ba na kira, ko lafiya. Na ce lafiya lau, karatu ne. Sai ta rage murya, irin yadda take yi in za ta ba 'Yar Baba alewa a ɓoye, ta tambaye ni ko malamaina sun yaba da yawan ruwan. Na ce wane ruwa? Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta ce tun ruwan farko take leƙa kwalbar, ta ga ɗan abin da ke taruwa ko kurkure baki bai isa ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce 'ya'yan wasu na can da iyaye masu hali, ita ba ta da boko ba ta da dukiya da za ta taimake ni da su, amma ko ba komai ta san inda ruwa yake a gidanta. Duk ranar da aka yi ruwan yamma kina shago, sai ta yafa tsohon zane, ta fita, ta cire kwalbar, ta tara a indararo har sai ta ga ya kai yadda ba za a raina ɗanta ba. Sannan ta mayar, ta rufe da mazurarin daidai yadda na bar shi, don na ce kar a gusar. Na dare ne kawai ke wuce ta, ta ce in yafe mata wannan, barci ɓarawo ne.

Sarauniya, wuta ta ɗauke mini. Ina riƙe da waya, ɗalibai na wucewa ta gabana. Ga haushi ya taso mini, ga ba wanda zan sauke wa. Damina guda! Tudu, iska mai laima, zanen da na yi da launi uku! Ashe babban abin da na gano a ilimin yanayi, uwata ce tsaye a gindin indararo da gwiwoyinta masu ciwo. Can sai ta ce ko bai isa ba ne, ta ƙara? Na ce ya isa, Inna. Ya isa haka.

Kafin ta ajiye ta ce kin taɓa dawowa da wuri kin same ta a jiƙe, kin ce mata ba a so a taɓa, ita kuma ta ce miki ke yarinya ce, ba ki san zafin ɗa ba tukuna. Daga nan na gane sauran. Ba za ki iya kai ƙarar surukarki wurin ɗanta ba, ba a haife ki a gidan da ake haka ba. Ba za ki iya canja lambar ba, don na ce abin da kika gani shi za ki turo. Sai kika yi abin da ya rage miki: kika ce in kira ta da kaina, har sau biyu, kika kuma riƙa rubuta mini "ba na gida". Ni kuwa mai ilimi na ɗauki wannan na gina tudu a kai.

Amma bari in faɗi nawa haushin, don ban iya ɓoye miki ba. Da kin daure kin fito mini a fili tun ranar, da an ceci rabin daminar. Kunyar nan taku wani lokaci tsada gare ta. Na faɗa, na huce. Na kuma san wanda aka ce ya kira uwarsa ya ce ba shi da lokaci.

Dogo ya ba ni shawara in zubar da lambobin yamma, in cike gurbinsu da ƙiyasi daga na tashar noma, in ce wa kwamiti kuskuren kwafa ne. Ya ce ba wanda zai gane, kuma sunana zai iya shiga cikin na aikin filin jirgi. Na juya maganar a raina fiye da yadda nake so ki sani. Amma in na yi haka, abin da Dokta ya zarge ni da shi ya zama gaskiya ke nan, da hannuna. Jibi zan shiga in gaya musu yadda aka yi. Za su yi dariya, wannan karon da Inna a ciki, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ki kai ta asibiti gobe, don Allah, ko tana so ko ba ta so.

Mijinki,
wanda bai cancanci ko sunan Gajimare ba.

*

Ɗakin kwanan ɗalibai,
ƙarshen damina.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Ina durƙusawa ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwa? An ce mini tarin ya fara sauka tunda aka canja magani, na gode wa Allah. Yaya ƙawarki 'Yar Baba, tana barin ki ki huta kuwa? Ban taɓa rubuto miki takarda ba, kullum saƙo nake bayarwa a gaishe ki. Yau taki ce ke kaɗai, 'yarki matata za ta karanta miki, kuma na roƙe ta kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Inna, ba zan zo da takardar gamawa bana ba. Aikin filin jirgin da na taɓa gaya miki ma ya wuce, an ba wasu, kuma ba zai dawo ba. Gara ki ji daga bakina. Zan dawo gida ƙarshen wata in koma koyarwa, in jira wata daminar in sake awon daga farko, sannan a ba ni takardar.

Ga dalili, kuma ki saurare ni har ƙarshe kafin ki sa wa ranki damuwa. Gwangwanin nan ba tarar ruwa yake ba, tambaya yake yi. Muna so mu san iya abin da sama ta ba wannan ɗan wurin da kanta, ba ƙari ba ragi. In ɗigo ne, ɗigon muke so. In ba komai, wannan ma amsa ce, kuma daidai take da cikakkiyar kwalba a wurin malamaina. Kamar yadda likita ke sa miki abin auna zafi ne a hammata: in wani ya tsoma shi a ruwan zafi don lambar ta yi yawa, ba a taimaki mara lafiya ba. Ruwan indararo na rufin gida ne gaba ɗaya, shi ya sa lissafin ya ɓaci. Kin ga bayanin bai fi haka ba. Wannan ɗan abin ne na ce ba za ki gane ba, na tafi ina sauri kar mota ta bar ni. Shekara huɗu ina jin haushin mutane ba su san abin da nake karantawa ba, ban taɓa zama na gaya wa uwata ba.

Na shiga gaban malaman na faɗa musu komai. Wasu sun yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Babban malamina bai yi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya tambaye ni shekarunki, ya tambayi jikinki. Sun wanke ni daga zargin ƙarya, sunana ya fita fes. Amma ya ce awon bana ya mutu, kuma damina in ta wuce ba ta dawowa sai baɗi. Na fito na zauna a filin na'urori ni kaɗai, na yi baƙin ciki sosai, Inna. Har yanzu ina yi. Na so aikin nan kamar raina. Sai dai duk lokacin da haushin ya taso, sai in gan ki tsaye cikin ruwa da tsohon zane a ka, kina jira kwalba ta cika, sai in rasa inda zan ajiye shi. Kada ki ce kin cuce ni. Abin da kike da shi kika ba ni, ni ne ban gaya miki abin da nake buƙata ba.

Baɗi in Allah ya kai mu, ni da ke za mu riƙa dubawa da safe. Ni zan durƙusa, ke ki zauna a kujera ki riƙe mini mazurari.

Saura magana ɗaya. Inna, ki dubi fuskar mai karanta miki takardar nan. In ta tsaya a nan ta ce rubutun bai fito ba, kada ki yarda, rubutuna garau yake, ki sa ta ci gaba. Na rubuta mata maganganun da ba a gaya wa mutumin kirki. Na ce ta yi sakaci, na ce ta ƙirƙiri lamba, na ɗora mata abin da aka ɗora mini. Ta san gaskiya tun tuni, kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta zaɓi ta sha zagina da ta ambaci sunanki. Duk daminar nan ba ta yi kuskuren awo ko sau ɗaya ba, kuma ko bayan na ɓata mata rai ba ta fasa fita da safe ba. A gidan nan ita kaɗai ce ta yi aikin yadda ake yinsa. Na rasa bakin da zan ba ta haƙuri, shi ya sa na biyo ta wurinki, na san ba ta iya ƙin maganarki. Ki roƙar mini ita. In ta haƙura, gobe in za ta turo lambar, ko sifili ne, ta sa mini "ka tashi lafiya" a gaba.

Ke kuma in hadari ya haɗo da yamma, ki shiga ɗaki ki ja ƙofa. Abin da ya sauka ya ishe ni.

Ɗanki mai neman albarkarki,
wanda surukarki ke kira Malam Gajimare.